Daga Ƙarshen Dogo Zuwa Dole Kaina

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da mahaifina, wata Litinin a ƙarshen damina, sati biyar ko shida bayan an sanar a rediyo cewa an yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Gidanmu yana Ƙaura Namoda, bayan tashar jirgin ƙasa, daidai inda dogo ya ƙare. Tashar mota kuwa tana can cikin gari, don haka sai da muka tsallaka layin a ƙafa, muka ratsa tsakanin tsofaffin taragu waɗanda ciyawa ta rufe ƙafafunsu, awaki suka mai da su ɗakin kwana. Baba ya dafa ɗaya daga ciki da muka zo wucewa, kamar yadda ake dafa kafaɗar tsohon aboki a wurin zaman makoki.

Bari in faɗi dalilin tafiyar, don abokan aikina da yawa sun zaci hutawa na je yi. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Sakkwato. Da aka yi sabuwar jiha sai aka raba mana takardu, kowa ya rubuta ƙaramar hukumarsa ta asali, don a san mai zama da mai komawa Kebbi. Na rubuta Ƙaura Namoda, inda aka yanke mini cibiya. Akawun da ke karɓa, wanda shi mutumin Ƙaura ne kaka da kakanni, ya duba ya miƙo mini abata cikin ladabi, ya ce, "Malam, ku ai 'yan reluwe ne. Asalin Baba ake tambaya." Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo takardar shaida daga inda muka fito, in ba haka ba sunana zai rataye tsakanin jihohi biyu, aikin ma ban san inda zai kwana ba.

Na zo gida na sami Baba da maganar. Duk tsawon rayuwata abin da na sani kawai shi ne shi mutumin yamma ne, bakin gulbi, kuma ba ya son a tambaye shi. Amma a ranar ya ce, "Kende, ƙasar Bagudo." Rabonsa da can shekara arba'in da biyu. Na ce ya kwatanta mini hanya in je ni kaɗai. Ya ce, "Wa ya san ka can? Ni kaina ban san ko akwai sauran wanda ya san ni ba." Washegari na tarar ya sa an wanke masa babbar rigarsa.

Motar farko ta kai mu Gusau kafin rana ta yi zafi, muka karya da kunu da ƙosai a bakin tasha, muka shiga ta Sakkwato. A nan bakin Baba ya buɗe. Ya ce yana da shekara sha tara wasu dillalan shanu suka ɗauke shi daga Kende ya taya su kora garke zuwa Gusau, inda ake loda shanu a jirgi a kai Kudu. Kwana ashirin da wani abu suka yi a ƙafa. A garinsu in an ce jirgi, kwalekwale ake nufi, don haka duk hanya yana mamakin wane irin kwalekwale ne zai ɗauki shanu ɗari kuma a kan tudu. Da ya ga abin ya taso yana huci yana fitar da hayaƙi, sai da ya ruga bayan wata tsamiya. Amma da dillalan suka juya gida, shi bai bi su ba. Ya fara da dakon buhunan gyaɗa da auduga, ya koma share kan jirgi, daga baya ya zama mai zuba kwal a wuta tsakanin Zariya da Ƙaura. Daga nan sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Fayaman, har innarmu.

Da muka wuce Talata Mafara na yi ƙarfin hali na tambayi abin da ya hana shi komawa. Ya ce shekararsa uku da tafiya wani mai shanu ya kawo masa saƙon baki daga wansa Manu: tsoho ya rasu yana kiran sunanka, wanda ya zaɓi ƙarfe ya zauna wurin ƙarfe. Ya ce da farko fushi ya hana shi, daga baya kunya, daga baya kuma ba ya ma iya cewa ga abin da ya hana shi. Ya juya yana kallon gonakin gero ta taga.

Daga Sakkwato zuwa Jega ba mu kaɗai ne a hanya ba, kai ka ce rabin birnin ne ke ƙaura. Manyan motoci cike da katifu da kujerun ofis da kabad, wata har da akuya a ɗaure a saman tebur, duk sun nufi Birnin Kebbi. Wani fasinja da ke kusa da ni ya ce a can ɗakin da a da ake roƙon mutum ya zauna a ciki kyauta, yanzu sai da kamun ƙafa. Hanyar ba laifi, sai dai ramuka bayan Shagari, direbanmu kuma ya san kowannensu kamar 'ya'yansa, yana kauce wa wani yana faɗa wa wani. A Tambuwal muka sha fura mai sanyi. Jega muka kwana, a gidan wani tsohon ɗalibina, ya cika mu da tsire da albasa, irin albasar yankin nan da guda ɗaya ke cika hannu.

Talata muka bi ta Koko, daga nan muka saki babbar hanya muka yi yamma. Nan tafiya ta zama aiki. Motar a-kori-kura ce, mu goma sha wani abu a baya tare da buhunan taki da keke biyu. Sau biyu muna sauka mu tura a taɓo. Amma ƙasar ta fara canzawa, giginya ta yawaita, fadamun shinkafa kore shar har iyakar gani, Fulani mata da ƙoransu a bakin hanya. Mun shiga Bagudo bayan la'asar, ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya, muka ruga ƙarƙashin rumfar kwano ta farko da muka gani.

Rumfar wani makanike ce, mai gyaran injin niƙa da injin ban ruwa, mutumin Kudu, ana kiransa Oga Sande. Yana fama da wani inji da ke tashi yana mutuwa. Baba ya saurara na ɗan lokaci, ya ce masa iska ce ta shiga hanyar mai. Oga Sande ya ɗago ya dube shi, ya dubi tabon ƙuna da ke damatsansa, ya kuma ga yadda ya zaro agogo daga aljihu yana gunagunin mun yi latti da minti arba'in, alhali babu mai jiran mu.

"Baba, reluwe?" in ji shi, da Hausar Zazzau tsantsa.

"Loko, Zariya," in ji Baba, yana nufin sashen da ake kula da kawunan jirgi.

Shi ke nan, ya ajiye sifana. Ashe mahaifinsa makaniken jirgi ne, shi kuma a kwatas ɗin reluwe na Zariya aka haife shi. Baba bai tuna mahaifin ba, shi ma bai taɓa jin sunan Baba ba, amma famfo ɗaya suka sha, filin ƙwallo ɗaya suka sani, jiniyar tashi aiki ɗaya ta riƙa tada su. Ya rantse ba za mu nemi masauki ba. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi wadda har yau in na tuna sai na haɗiye yawu. Su Kirista ne, amma kafin mu buɗe baki an kawo mana buta da tabarma an nuna mana gabas. Oga Sande ya ce haka ya ga ubansa na yi, a kwatas ba a rasa butar baƙo a gidan kowa, ranar Kirsimeti a ci shinkafarsu, ranar Layya su ci nama har su gaji. Ni ma haka na tashi na gani a Ƙaura, maƙwabcinmu na dama Bayarabe, na hagu mutumin Binuwai, ban san abin mamaki ba ne sai da na girma.

Laraba da hantsi Oga Sande ya kai mu Kende a motarsa. Baba ya sa babbar riga, yana ta gyara hula. Garin manoma ne, rumbuna sun fi ɗakuna yawa, gulbi na bayansa. Ya gane kukar da ke bakin gari, ya gane masallaci, sauran duk sun sauya masa. Muka yi sallama a ƙofar mai gari, mutum mai fara'a wanda bai wuce hamsin ba, aka shimfiɗa mana tabarma aka kawo ruwa. Baba ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, sannan ya tambayi Manu. Mai gari ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Manu, bana shekara huɗu." Baba ya ce innalillahi, ya maimaita.

Aka kira 'ya'yan Manu biyu daga gona, magidanta, ƙafafunsu duk taɓo. Sun gaishe mu, amma gaisuwar baƙo. Babban ya ce sun ji suna da baffa da jirgi ya tafi da shi, amma sun ɗauka ya daɗe da rasuwa. Ban ga laifinsu ba. An yi sabuwar jiha, fadama ta yi daraja, ga tsoho da babbar riga ya sauka daga mota yana cewa shi ɗan gida ne. Sa'o'in Baba da za su gane shi duk sun riga mu gidan gaskiya, sai ɗaya da ya rage, shi kuma ido da kunne sun tafi. Mai gari ya ce, "Baba, ba mu ƙaryata ka ba, amma ba ni sa hannu ga abin da ban sani ba. Akwai mutum guda. In Kulu ta ce kai na, to kai na." Kulu ita ce yayar Baba. Tana raye, tana can Dole Kaina a bakin iyaka, inda aure ya kai ta tun da daɗewa, tana sana'ar kifi.

Hanyar mota ta wannan gefen ruwa ya cinye ta, don haka Oga Sande ya sama mana wuri a jirgin ruwa mai inji da ke kai 'yan kasuwa. Alhamis da sassafe muka isa bakin Kwara. Shekara goma sha ɗaya ina zana wannan kogi a allo da alli, ina dukan tebur in yaro ya manta inda ya shigo Nijeriya, ban taɓa ganin sa ba sai ranar. Zanena ƙarya ne. Ruwa ne ja, faffaɗa, yana tafe a natse, ƙetarensa sai ka ƙanƙance ido. Da jirgin ya fara tangaɗi na riƙe gefensa da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na sani, wata tsohuwa mai kwandon barkono tana yi mini dariya a fili. Baba kuwa da ya bar ruwa tun yana saurayi, ya taka ya shiga kamar jiya ya fita, ya wuce can baya ya zauna kusa da inji. Mai jirgin ya tambaye shi sana'arsa, ya ce aikin jirgi ya yi har ya gaji. Mai jirgin ya ce a wane ruwa? Baba ya ce nasa ba ya son ruwa sai a cikinsa.

Mun yini muna haurawa. Muna tsayawa a tungayen masunta a sauke gishiri a ɗauki kifi. Gasasshen kifin da ba za ka samu naira goma a Sakkwato ba, nan da naira uku aka ba mu har da gyara. A cikin jirgin harsuna sun cakuɗe, Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, mutum ɗaya sai ya fara magana da wannan ya ƙare da wancan. Kusa da mu akwai wani dattijo mai sayar da goro, mutumin Illo. Da ya ji aikin da Baba ya yi, sai ya gyara zama ya ce yau ya kama ɓarawonsu. Ya ce a zamanin kakansa ta nan fatake ke ƙetarewa da jakuna zuwa Gwanja su dawo da goro, ayari bayan ayari, masu fito da masu masauki da masu abinci duk suna ci. Da aka shimfiɗa dogo sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko ya hau jirgi zuwa Kano, hanyar nan ta mutu, zangon fatake ya zama gona. Ya ce, "Jirginku bai taɓa zuwa ƙasarmu ba, ko kukansa ba mu ji ba, amma ya kwashe muna kasuwa, ya kwashe muna samari." Baba ya ce gaskiya ne, ga ɗaya daga cikin samarin nan an dawo da shi ba haƙora. Dattijon ya yi dariya ya fasa goro ya ba shi rabi. Wannan darasi ba ya cikin littafin da nake koyarwa da shi.

Mun isa Dole Kaina rana ta yi sanyi. Gari ne da ba ka sanin ƙasar da kake ciki sai an gaya maka. Ka sayi abu a wannan rumfa kana Nijeriya, ka taka kaɗan ka shiga Nijar, ka dubi ƙetaren ruwa can gaba a ce maka Binin ce. Naira da sefa duk suna tafiya, mata masu awo suna juya lissafin a ka fiye da kowane malamin lissafi da na sani. Ga atamfa, ga shinkafa, ga burodin Faransa mai kama da sanda wanda Baba ya ce da shi da itacen wuta ba bambanci. Masu kaki iri biyu suna zaune a inuwa ɗaya suna shan shayi. Ba mu sha wahalar tambaya ba, mutum na farko da muka ce wa Kulu mai banda ya nuna mana inda hayaƙi ke tashi.

Mun same ta a tsakar gida tana juya kifi a kan waya, 'yar tsohuwa siririya, idanunta sun yi ja don hayaƙi. Baba ya yi sallama. Ta amsa ba ta ɗago ba, ta ce in kifi muke so mu dakata na wuta bai yi ba. Ya ce, "Yaya Kulu." Ta saki abin da ke hannunta. Ta matso har gabansa ta ɗaga kai tana kallon sa, ta kama kunnensa na hagu ta juya, inda ƙugiya ta taɓa tsaga shi yana yaro.

"Auta," ta ce. "Auta, kai na? Sai yanzu?"

Baba, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka sallame shi daga aiki, ya durƙusa a gaban yayarsa da babbar rigarsa a cikin toka yana kuka. Ita kuma tana dukan bayansa da tafin hannu, rabi duka rabi lallashi. Ni na tsaya riƙe da jaka ban san inda zan sa kaina ba, sai da ta juyo ta ce, "Wanga hwa?" Ya ce ɗansa ne. Ta ce, "Ga goshin tsohonmu nan, mi za a tambaya? Taho, ɗiyana."

Bayan magariba, muna cin tuwo, ta ba mu labarin da ya fi komai tsaya mini a rai. Ta ce Manu bai yi shekara da aika saƙon nan ba ya fara nadama. Wata shekara bayan girbi ya sayar da ɗan maraƙi ya tafi Gusau neman ƙanensa. Kwana uku ya yi a tasha yana tambayar sunan Baba na yanka, babu wanda ya san mai wannan suna. Ya tsaya yana kallon jirage suna shiga suna fita har guzurinsa ya ƙare, ya dawo. Baba ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya ce a shekarun nan kusan kullum sai ya ratsa Gusau, yana kan inji, fuska baƙi ƙirin da kwal. Ya ce, "Ya gan ni, Yaya. Wallahi ya gan ni, bai gane ni ba."

Ita ma ta yi nata neman. Tana da ƙarfinta takan kai banda har Faraku a ƙasar Binin, ta hau jirgin ƙasa na can zuwa Kwatano. Ta ce duk hawan da za ta yi sai ta je gaban jirgi ta leƙa masu wuta, har suka san ta suna yi mata ba'a da Faransanci. Sai da ta yi shekaru wani ya gaya mata dogon Faransa daban, na Ingilishi daban, ba inda suka haɗu. Ta ce, "Ni na zaci dogo guda na, kamar gulbi, duk inda ka shiga kana iske mutanenka." Muka yi dariya har da ita, tana share ido da gefen zane.

Ba mu roƙe ta ba. Asabar da safe ta bar wa surukarta kifi, ta ɗaura gyale, ta riga mu shiga jirgi. Gangarowa ta fi haurawa sauri, kafin la'asar muna Bagudo, Oga Sande ya sake kwasar mu zuwa Kende. A ƙofar mai gari ba ta jira an ba ta izini ba. Ta ce, "Wanga Auta na, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye shi. Wanda ke da magana ya yi ta gabana." Babu wanda ya yi. Babban ɗan Manu ya tashi ya zo ya durƙusa ya ce, "Baffa, ka yahe muna." Ya ce mahaifinsu kafin ya rasu ya nuna musu wani yanki na fadama ya ce na ƙanensa ne, su noma amma kada su sayar. Da ma abin da suke tsoro kada su miƙa shi ga wanda ba shi ba. Baba ya ce su ci gaba da nomansu, shi ba gona ta kawo shi ba. Daga nan aka raka shi makabarta. Ya tsaya a kan kabarin ubansa da na wansa ya daɗe, mu muka koma gefe muka ba shi wuri.

Litinin na kai takardar mai gari sakatariyar Bagudo. Ba a riga an buga sababbin takardu ba, don haka akawun ya ɗauki biro ya soke Sakkwato a saman takardar ya rubuta Kebbi da hannunsa, ya buga hatimi, ya ce, "Barka da zuwa gida, Malam." Na je wurin Oga Sande in ba shi kuɗin mai, ya ɓata rai ya ce in na sake wannan magana kada in ƙara taka rumfarsa. Na koma Kende in ce wa Baba mu shirya, na tarar ya tuɓe babbar riga yana zaune a gindin rumbu, jikokin wansa sun kewaye shi, yana kwaikwaya musu kukan jirgi in zai shiga Funtuwa. Ya ce in tafi, shi sai an yanke shinkafa. Gwaggo Kulu ta ce ko an yanke sai ta ga dama.

Na dawo ni kaɗai ta Koko da Jega, da kwandon banda da rabin buhun shinkafa da ban isa in ƙi karɓa ba. A hanya na yi ta tunanin abin da tafiyar ta koya mini. Dogo ne ya ciyar da mu, ya sa ni makaranta, ya ba ni maƙwabta daga kowace kusurwa, ya sa na sauka a garin da ban san kowa ba na sami gado da tuwo a gidan mutumin da ba addininmu ɗaya ba. Shi ne kuma ya raba wa da ƙane har kabari, ya kashe kasuwar mutanen da ko ganin sa ba su yi ba. Ban iya cewa alherinsa ya fi ko hasararsa, na dai ga duka biyun da idona. Abin da na tabbata shi ne zumunci ya fi yadda nake zato haƙuri, amma mutane ba sa jira, da mun zo shekara biyar baya da Baba ya sami wansa. Na gode wa Allah da muka sami Gwaggo da ranta. Na gode wa Oga Sande da matarsa, da mai garin da ya ƙi sa hannu a kan abin da bai sani ba, don da ya sa, da ba mu je Dole Kaina ba.

Na iso Ƙaura ranar Laraba da yamma. Innarmu tana tsakar gida tana tankaɗe, ta dubi bayana ta ga ba kowa, ta ce ina mutumin? Na ce ya ce sai an yanke shinkafa. Ta yi dariya ta ce mutumin da ko lauje bai iya riƙewa ba. Na zauna na ba ta labari tun daga farko, ba ta katse ni ba har na gama. Sannan ta ce, "Ya yi kuka?"

Na ce sau biyu, a gaban Gwaggo da kuma a makabarta.

Ta ajiye rariya ta ce, "Alhamdulillahi. Shekara talatin da shida ina zaune da shi ina jiran kukan nan."